Tabkin Husain Sagar na Haidarabad da bikin jefa gumaka: wace rana hanya ke toshewa?

Ɗan Garin Malam

Assalamu alaikum jama'ar Damagaram. Ina neman wanda ya san Haidarabad ta Indiya ya taimaka mini da bayani. Zan raka baffana aikin gwiwa, an ba mu tsakiyar Satumba na 2026, likita kuma ya ce mu yi shirin zaman mako biyar zuwa shida saboda gashin ƙashi da koyon tafiya. Mai nema mana masauki ya kawo gida biyu. Ɗaya a unguwar Khairatabad yake, dab da wani babban tabki a tsakiyar gari, ɗayan a Tolichowki, ya fi nisa da asibitin amma ya fi araha. Hankalina ya fi kwanciya da na bakin tabkin saboda kusanci, sai aka ce mini in yi hattara, wai a wannan watan ne mabiya addinin Hindu ke kai gumakansu su jefa cikin ruwan, gari ya tsaya cik.

Wane tabki ne wannan, me ya sa can ake kai su? Bikin kwana nawa yake ci, kuma ta yaya zan san ranar da ya fi tsanani? Akwai haɗari ga baƙo Musulmi? Sannan warin ruwan da ake faɗa, zai dami marar lafiya? Allah ya saka da alheri.

Malam na Birni

Wa alaikumus salam. Allah ya ba baffa lafiya, ya sa a yi aiki a sa'a. Ƙanena, wanda ya gargaɗe ka bai yi ƙarya ba, amma ba wata guda gari ke tsayawa ba. Kwana goma sha ɗaya zuwa sha biyu ake yi, a cikinsu kuma yini ɗaya da darensa ne mai wuya.

Sunan tabkin Husain Sagar, kuma sarkin Musulmi ne ya gina shi, Ibrahim Kuli Kutub Shah na Golkonda, wanda ya yi sarauta daga 1550 zuwa 1580. A 1563 ya sa aka datse wani rafi mai gangarawa kogin Musi. Aikin yana hannun surukinsa Husain Shah Wali, shehin ɗariƙa kuma masanin gini, shi ya sa tabkin ya ɗauki sunansa. Birnin Haidarabad kansa sai 1591 ɗan Ibrahim ɗin, Muhammad Kuli, ya kafa shi ya gina Charminar, wato ginin nan mai hasumiya huɗu, ka ga tabki ya girmi gari da shekara 28. Faɗinsa murabba'in kilomita 5.7, inda ya fi zurfi bai wuce mita 10 ba. Don sha da ban-ruwa aka yi shi, gari kuma ya sha shi har wajajen 1930. Abin da ya sauke masa wannan nauyi ambaliyar Musi ce ta Satumban 1908, wadda ta ci dubban rayuka. Bayanta gwamnatin Nizam, sarkin Haidarabad na lokacin, ta gina Osman Sagar a 1920 da Himayat Sagar a 1927, ruwan famfo ya koma can. Tun da aka daina shan sa aka daina tsaron sa.

Datsiyar ita ake kira Tank Bund. Yau babban titi ne a gefen gabas, shi ya haɗa Haidarabad da tagwaiyarta Sikandarabad, a kansa jerin mutum-mutumi sama da 30 na mashahuran masu harshen Telugu. Gefen kudu titin NTR Marg ne, na yamma Necklace Road. Riƙe sunayen nan uku, su za ka riƙa ji a sanarwar 'yan sanda. Farin mutum-mutumin da za ka hango a tsakiyar ruwa ba shi da alaƙa da bikin: Buddha ne, an sassaƙa shi daga dutse guda, tsayinsa kusan mita 18. A 1990 jirgin da ya ɗauko shi ya kife, ma'aikata suka halaka, ya yi shekara biyu kwance a ƙasan tabkin kafin a tsamo shi a kafa a 1992. A ƙarƙashin datsiyar akwai ɗakin bautar Katta Maisamma, wadda mutanen Telangana, jihar da Haidarabad take, ke ɗauka mai tsaron ganuwar tabki, a ƙarshenta na arewa kuma hubbaren Saidani Ma, a kan tudun kudu haikalin Birla na farin dutse da aka buɗe a 1976.

Bikin da kake tambaya na Ganesh ne, abin bautarsu mai jikin mutum da kan giwa, ɗan Shiva da Parvati, wanda suke ɗauka mai kau da cikas. Masu Telugu suna ce wa bikin Vinayaka Chavithi. Ranar farko ana kawo gunkin gida ko rumfar unguwa, limaminsu ya yi karatun da suke ganin yana saukar da abin bautar cikinsa, a miƙa masa ganye iri 21, furanni, kwakwa da dunƙulen alawar da ake kira laddu. A wajensu baƙo ne ya sauka, ana hidimarsa safe da yamma. In kwanakin suka cika sai a yi masa sallama, a kai gangar jikin ruwa ta narke. Wannan jefawar suke kira nimajjanam. Da can ibadar cikin gida ce. Bal Gangadhar Tilak, ɗan gwagwarmayar neman 'yancin Indiya, ne a 1893 ya fitar da ita fili a yammacin Indiya, don ya sami hanyar tara jama'a a ƙarƙashin mulkin Ingilishi. A Haidarabad kuwa haɗa jerin gwano guda ɗaya daga kudancin gari zuwa tabkin a 1980 aka fara shi, ba tsohon abu ba ne in aka gwada da shekarun tabkin.

Batun rana, ai mu masu duban wata mun fi kowa sauƙin ganewa. Suna farawa ranar 4 ga watansu na Bhadrapada, su rufe ranar 14, jajibirin cikar wata. Sai dai su daga haihuwar wata suke ƙirga, mu daga ganin jinjirinsa, saboda haka suna gabanmu da kwana ɗaya ko biyu. A lissafinmu farawa na faɗowa 2 ko 3 ga wata, babban jefawa 12 ko 13. Shi ya sa shekara uku a jere, 2023 da 2024 da 2025, abin ya yi karo da Mauludi, har shugabannin Musulmin garin suka ɗage zagayensu. A 2023 duka biyun sun faɗo 28 ga Satumba, aka mai da zagayen Mauludi 1 ga Oktoba. Amma kalandarsu tana ƙara wata guda kusan duk shekara uku don bikin ya tsaya cikin damina, tsakanin 22 ga Agusta da 20 ga Satumba yake farawa kullum. 2026 shekarar ƙari ce, sun rabu da Mauludi, sun koma Rabi'us Sani. Farawa Litinin 14 ga Satumba, babban jefawa Juma'a 25 ga Satumba. Ƙananan gumakan gida ana kai su tun rana ta uku, ta biyar, ta bakwai da ta tara, to waɗannan yammacin ma bakin tabki yana cika, amma hanya na tafiya.

Injiniya Sabon Gari

Malam ya gama da tarihi. Ni zan yi maganar yadda ake gina su da yadda ake jefa su, don a nan ne za ka gane dalilin da gidan Khairatabad bai dace da ku ba.

Gunki mafi girma a garin a unguwar nan yake. A 1954 aka fara shi da ƙafa ɗaya, ana ƙara ƙafa guda kusan duk shekara har ya kai ƙafa 60 a 2014. A 2024, cikarsa shekara 70, an yi shi ƙafa 70, wato mita 21 da ɗoriya, tsayin bene mai hawa shida ko bakwai. Aikin yana cin wajen wata uku. Ana fara kafa ginshiƙi a tsakiya, a yi masa ƙashin rodi da walda, a naɗe da ragar waya, a cusa ciyawar shinkafa a ɗaure da igiya har siffa ta fito, a rufe da buhun garara, sannan a bi da yumɓu shafi bayan shafi. Yumɓun farko ana cuɗa shi da ƙaiƙayi da zaren buhu don ya kama jikinsa, na ƙarshe kuma tatacce ne, da shi ake fitar da fuska da yatsu. In aka yi gaggawar ɗora shafi kan wanda bai bushe ba, na ciki ya tsuke daga baya, na waje ya tsage. In rana ta buge shi kai tsaye ma haka, shi ya sa ake aikin cikin rumfa. Tun 2022 ake yin wannan babban da yumɓu, kafin nan da filasta ne. Duk kwanakin bikin layin masu ziyararsa ba ya yankewa dare da rana, titunan da ke kewaye da shi a rufe suke ga mota. Mai sabon ɗinki a gwiwa ba ya sauka a irin wannan wuri.

Ranar jefawa, tun tsakar dare ake yanke waldar da ta riƙe shi da ƙasa, injin ɗaga kaya ya ɗora shi kan doguwar tirela, a sake yi wa gindinsa walda da bayan motar, don in ba haka ba ko ɗan tudu ya isa ya karkatar da shi. Nauyinsa tan-tan ne masu yawa, sama da 40. Tafiyar ba ta kai kilomita uku ba, amma tana cin awa shida ko fiye: a tashi da sassafe, a isa injin ƙugiya mai lamba 4 a NTR Marg wajen azahar. 'Yan sanda sun fi son a gama da shi da wuri, don muddin yana kan hanya sauran dubban motocin ba su da wurin wucewa. Gurbin da za a saka shi ana yashe shi tun kwanaki kafin ranar, saboda bakin tabkin ba zurfi, in ba a yashe ba rabinsa zai tsaya a waje.

Sauran kuwa haka ake yi da su. Ana jera injunan ƙugiya gomiya-gomiya a gefen ruwa, kowanne da lambarsa da faranti na ƙarfe rataye da sarƙa huɗu. Mota ta matso, a cire furanni da tufafi, a ja gunkin kan farantin, ƙugiya ta ɗaga ta juya ta tsallake shingen titi, ma'aikatan da ke kai su karkatar da shi ya zame cikin ruwa. Kowanne minti kaɗan ne, amma dubun-dubata ne ke zuwa. Wuri ɗaya ake ta zubawa, nan da nan tarkace ya taru ya kai fuskar ruwa, sai a tsaya motar haƙa ta kwashe kafin a ci gaba. Ga mota ɗaya in ta lalace a tsakiyar layi duk na bayanta sun tsaya. Wannan ne ya sa abin da aka shirya gamawa da asuba yake kaiwa azahar ɗin washegari. Haɗarin da ya fi kisa kuma ba ruwa ba ne, wayar lantarki ce: gunki mai tsayi da ƙashin ƙarfe, jiƙe da ruwan sama, samari a tsaye kan mota suna ɗaga waya da sanda. Kada ka tsaya kusa da motar da ke wucewa ƙarƙashin waya.

Asalin al'adar ba ta da laifi ga ruwa. Daga gindin tabki ake ɗebo laka a yi gunki, bayan kwana goma a mai da ita inda ta fito, kamar dai tubalin gidajen Birni da aka haƙo daga kududdufi, in gini ya faɗi damina ta mai da ƙasar can. Filasta ce ta ɓata lissafin, irin wadda ake ɗaurin karaya da ita a likita ake kuma yin silin da ita. Dutsen jifsam ake gasawa a zafin da ya kai wajen digiri 150 har kashi uku cikin huɗu na ruwan jikinsa ya fita. In ka kwaɓa garin da ruwa, kafin rabin awa ya daskare. Masu sana'ar a unguwar Dhoolpet suna zuba ta cikin mazubi da zaren kwakwa, a yini ɗaya su fitar da abin da mai yumɓu zai yi makonni yana jiran ya bushe cikin raɓar damina. Ba ta da nauyi, ba ta karyewa a mota, fenti yana kwanciya a kanta sumul, ga araha. Mai saye ba zai ƙi ta ba.

Matsalar a narkewa take. Ƙaramin gunkin yumɓu awowi kaɗan ya zama laka. Jifsam kuwa lita ɗaya ta ruwa ba ta narkar da fiye da giram 2 da 'yan kai, wato mai kilo 100 yana bukatar lita wajen 50,000 kafin ya ɓace, shi ma in ruwan na taɓa shi. Fentin mai ya riga ya rufe shi, sai ya yi watanni kwance. Fentin kuma shi ke sakin dalma, zaiba, kadmiyam da kuromiyam, su zauna cikin lakar ƙasa. Hukumar yaƙi da gurɓata muhalli ta Indiya ta fitar da ƙa'idoji a 2010, ta tsananta su a Mayun 2020 ta hana filasta. A Satumban 2021 babbar kotun Telangana ta hana jefa masu filasta a Husain Sagar, kotun ƙoli ta ɗaga ƙafa ta ce a yi na wannan shekarar a matsayin na ƙarshe. Hukumar birni ta gina ƙananan kwalbatocin ruwa na siminti a gefen tabkuna, tana kuma raba gumakan yumɓu kyauta. A ganina wannan ya yi aiki ga na gida kawai. Gunki mai ƙafa 15 ba ya shiga kwalbati, kuma ba ɗan sandan da zai tsaya ranar yana ƙwanƙwasa kowanne don ya ji filasta ne ko yumɓu. Bayan biki ana kwashe dubban tan na tarkace, a yanka rodin da wuta a sayar wa 'yan gwangwan, sauran a kai babban jujin Jawaharnagar. In ka ji warin tabkin, ga inda ya fito.

Ɗan Garin Malam

Malam, Injiniya, Allah ya ƙara ilimi. Khairatabad ta fita ke nan. To in muka sauka Tolichowki, ya za mu yi da zuwa asibiti a kwanakin? Asibitin a wajen Somajiguda yake. Kuma ranar ta faɗo Juma'a, ina za a yi salla?

Hajiya ta Zango

Ɗana, Allah ya kai ku lafiya ya dawo da ku lafiya. Kama na Tolichowki. Unguwar Musulmi ce, cike da 'yan Somaliya, Sudan da Yaman masu jinya da ɗalibai, masallaci kusa, nama halal, ga shinkafa da gurasa irin wadda tsoho zai iya ci ba yaji ya dame shi. Nemi ɗakin ƙasa ko gida mai lif, ka kuma tambaya ko akwai rumfar biki a layin, don inda take akwai ganga da lasifika har dare.

Somajiguda tana jikin Khairatabad, to ka zauna da masu tsara ranaku a asibitin tun zuwanku. Kada a sa muku ganin likita, cire zare ko sallama ranar 25, ko safiyar 26. In aikin ya faɗo kusa da nan, gara baffa ya kwana a gadon asibiti kwanakin biyu da a fito da shi. Maganinsa, allurar hana daskarewar jini da kayan wanke ciwo a saye su tun ranar Laraba. Gwamnati na ba da hutu ranar a birnin, shaguna da yawa ba sa buɗewa, masu adaidaita kuma ko dai su ƙi zuwa ko su ninka kuɗi. Lambar motar asibiti 108, ta 'yan sanda 100 ko 112. Motar asibiti ana buɗe mata hanya, amma hanyar da mutum ya cika ba a buɗe ta da sauri.

Babban jerin gwanon daga Balapur yake tashi a kudu, ya bi Chandrayangutta, Falaknuma, Charminar, Afzalgunj, kasuwar Moazzam Jahi, Abids, Basheerbagh har bakin tabki, kilomita wajen 19. Ya raba gari biyu ke nan, daga ƙarfe shida na safe ba motar da ke tsallaka wannan layin sai a wurare ƙalilan. Ba ya tashi sai an yi gwanjon laddun Balapur, dunƙule ɗaya mai kilo 21, da suke ganin yana kawo albarka ga gona da gida. A 1994 rufi 450 (kuɗin Indiya) aka saye shi, a 2024 ya haura rufi miliyan 3, wajen miliyan 20 na sefa. Wasu rassan suna shigowa daga Sikandarabad, daga gabas, har daga wajenku: na Tolichowki da Mehdipatnam suna bi ta Masab Tank da Lakdikapul, wato daidai hanyarka ta zuwa asibiti. In dole ce ta kama ka kai kaɗai, jirgin metro yana tafiya a sama ba ruwansa da cunkoso, daren ma ana ƙara masa lokaci har bayan sha biyu. Sauka a Irrum Manzil ko Punjagutta, kada ka sauka tashar Khairatabad, matsi ya yi yawa. Filin jirgi a Shamshabad yake, can kudu. Mai tafiya ranar ya hau gadar PVNR daga Mehdipatnam ko ya zaga ta babban titin zobe na bayan gari, ya ƙara awa biyu kan lissafinsa.

Juma'a ka yi ta a masallacin layinku. Masallacin Makka da ke gefen Charminar ya cancanci ziyara, amma ba ranar ba, jerin gwanon ta ƙofarsa yake wucewa. A shekarun 1980 an sha zubar da jini a wannan hanya, shi ya sa yanzu ake zuba 'yan sanda sama da 20,000 da kyamarori. An daɗe ana gamawa lafiya, har za ka ga Musulmin tsohon gari suna raba wa masu wucewa ruwa. Baƙo ba wanda ke nemansa, abin tsoronsa 'yan sane ne da turmutsitsi. Fasfo ya zauna gida, ka riƙe kwafi. Kada ka sa farar shadda, suna watsa garin kala ja da ruwan hoda, ba ya fita da wanki ɗaya.

Za a miƙo maka alawa ko shinkafa a bakin rumfa, abin da aka miƙa wa gunki ne ake rabawa. Ɗora hannu a ƙirji ka ce shukriya ka wuce, sun saba da maƙwabtansu Musulmi, ba mai jin haushi. Samari masu yawon karɓar gudummawar rumfa ma haka. Kada ka shiga rumfa da takalmi, kada ka nuna gunki da yatsa kana dariya, hoto daga nesa ba laifi.

Tunda za ku kai Oktoba, za ku tarar da Bathukamma, ita kam ta mata ce kuma ba ta tsayar da gari. Tana farawa daren duhun wata, wajen 10 ga Oktoba, ta yi kwana tara. Kowace mace tana shimfiɗa ganyen kabewa kan faranti na tagulla, ta jera furanni da'ira kan da'ira, bisa al'ada hawa bakwai, kowane hawa ya fi na ƙasansa ƙanƙanta har ya yi tsini. Wutsiyar furen tana kallon ciki, kansa waje, tsakiya a cike da ganye don kada ya rufta. Furannin daji ne na ƙarshen damina: tangedu mai ruwan ɗorawa, ɗan'uwan tafasa da rai-ɗore, da gunugu dangin alayyafo, wanda suke tsomawa a rini. A ƙoli sai ɗan dunƙulen kurkum da suke kira Gauramma. Da yamma su ajiye a tsakiya, su kewaye suna tafi da waƙa, sannan su zare farantin su saki furen a kan ruwa. Tun da aka ƙirƙiri jihar Telangana ranar 2 ga Yunin 2014 gwamnati ta mai da shi bikin jiha, daren ƙarshe ana rufe Tank Bund daga la'asar zuwa dare. In baffa ya fara takawa, wannan yana iya kallo daga cikin mota.

Ma'aikacin Ruwa, Kara-Kara

Gaisuwa ga Inna Hajiya da Malam. Injiniya, yayana, bayanin filasta daidai ne, amma jimlarka ta ƙarshe ban yarda da ita ba. Filasta ba ta wari. Abin da take yi shi ne cike gindin tabki da ƙara wa ruwa zartsi, fenti kuma ya bar guba a laka. Wari daga najasa yake, ita kuma ba ta jiran biki, duk shekara take shiga.

Manyan magudanai huɗu ke ciyar da tabkin: Kukatpally, Picket, Banjara da Balkapur, daga fili mai faɗin murabba'in kilomita wajen 240 wanda yanzu duk gidaje ne da masana'antu. Na Kukatpally ya fi kowanne girma da muni, don shi ke ratsa unguwannin masana'antu na Jeedimetla da Balanagar. Najasa na kawo sinadaran taki, gansakuka da kainuwa su yi yawa, su mutu su nutse, ƙwayoyin da ke ruɓar da su su shanye iskar oksijin ɗin ruwan. In ta ƙare sai wasu ƙwayoyin su karɓi aikin, su ne ke fitar da iska mai warin ruɓaɓɓen ƙwai. A nan ne kawai filasta ke da hannu, don salfet ɗin jikinta abincin waɗannan na biyun ne. Tun 2006 aka ci bashin Japan aka gina matatun najasa da bututan karkatar da ita, sai dai in aka yi ruwa mai ƙarfi bututan ba sa ɗauka, ta tsallake ta faɗa tabki.

Ga mai tambaya: warin ya fi tsanani a bazara, Maris zuwa Mayu, lokacin da ruwa ya ja baya zafi ya yi yawa. A Satumba tabkin a cike yake, in ya kai mita 513.41 bisa teku ana sakin rarar ta magudanar da ke bi ta Kavadiguda da Ashok Nagar zuwa Musi, ruwan sama ya surka shi. Daga Tolichowki ba za ku ji komai ba. Abin da zan fi ja maka kunne a kai sauro ne. Agusta zuwa Oktoba lokacin zazzaɓin dengi ne a garin, sauronsa da rana yake cizo, musamman safe da la'asar, kuma a ruwa mai tsabta yake ƙwai: tukunyar fure, farantin bayan firiji, bokitin banɗaki. A zubar da su duk kwana biyu, a shafa wa baffa maganin sauro da rana, ba da dare kaɗai ba. Yana kan maganin tsinka jini bayan aiki, dengi kuma na rage ƙwayoyin da ke tsayar da jini, saboda haka ko ɗan zazzaɓi ya ji a kira likitansa a ranar. Kada a ba shi asfirin ko ibuprofen sai likitan ya ce. Ruwan sha ku sayi na babbar gora mai lita 20, a duba hatimin murfin kafin a biya.